Haihuwa ba namiji, gyaran ƙwayar gado da cutar emasi: Me ya shafi masoyan Tasawa da Mayahi?

A ranar 8 ga Disamban 2023, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna Casgevy, wanda ake yi wa masu cutar sikila, wato emasi kamar yadda aka fi kiranta a Nijar. Makonni uku kafin nan Birtaniya ta riga ta amince da shi.

Shi ne magani na farko a duniya da aka bai wa lasisi wanda ke aiki ta hanyar yanka da gyara ƙwayar gadon ɗan Adam da fasahar da ake kira CRISPR. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya, sama da sefa biliyan ɗaya ke nan.

Ga magidancin da ke Kanembakashe ko Mai Jirgi, wannan lissafi ne na wata duniya. Sai dai cutar da aka yi maganin dominta ta gida ce. Wani babban bincike da mujallar The Lancet Haematology ta wallafa ya ƙiyasta cewa a shekarar 2021 an haifi jarirai kusan 515,000 da sikila a duniya, kuma sama da kashi uku cikin huɗu nasu a Afirka kudu da Sahara suke. A Nijar kuwa, alƙaluman da hukumomin lafiya suka saba bayarwa na nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ɗauke da ƙwayar cutar a jininsa, akasari ba tare da ya sani ba.

Yayin da ake ta yaɗa bidiyo a TikTok da WhatsApp kan ranar da za a daina buƙatar namiji wajen haihuwa, ko a riƙa kwafar mutum kamar takarda, batun da ya fi kusa da samari da 'yan matan gundumomin Tasawa da Mayahi a jihar Maraɗi shi ne wannan: wa zai auri wa, kuma me 'ya'yansu za su gada.

Manomin aya ya daɗe yana kwafar halitta

Haihuwa ba tare da haɗuwar namiji da mace ba ba baƙon abu ba ne a yankin. Duk wanda ya taɓa noma aya ya yi ta da hannunsa. Ayar da ake shukawa ba ƙwayar iri ba ce da fure ya haifar, 'yar saiwa ce da ta kumbura a ƙarƙashin ƙasa, saboda haka abin da ya tsiro daga gare ta kwafin uwarsa ne sak, ba shi da uba.

Haka rogo yake, a sare karansa a binne ya fito. Haka dankali da rake. Har abin da masu lambu ke kira aure, inda ake ɗaura reshen mangwaro ko na magarya mai manyan 'ya'ya a kan gindin wata, idan aka duba da kyau babu aure a cikinsa: reshen yana ci gaba da zama itacen da aka yanko shi ne, gindin kuma ɗaukar kaya kawai yake yi.

Akwai ma misalin da ya fi wannan ban mamaki. Shekaru da dama ke nan masu bincike na cibiyar INRAN a Maraɗi suna rarraba wa manoma 'yan buhunan da ke ɗauke da wani ɗan ƙaramin zanzaro mai suna Habrobracon hebetor, domin ya kashe tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi. A wannan ƙwaro, ƙwan da maniyyi ya shiga mace yake haifarwa, wanda kuma bai shiga ba namiji yake zama. Wato duk namijin da ke cikin buhun ba shi da uba. Haka ma namijin ƙudan zuma.

Amfanin kwafi a bayyane yake: abin da ka shuka shi za ka samu. Illarsa ma manomi ya san ta. Idan karan rogon da aka saro yana da cuta, duk gonar ta gaje ta. A shekarun 1950 wata cutar ƙasa ta ruguza gonakin ayabar Gros Michel da ake fitarwa daga tsakiyar nahiyar Amurka, saboda duk kwafin juna ne, abin da ya iya kashe ɗaya ya iya kashe sauran.

Haihuwa ta namiji da mace kuwa gauraya ce. Kowane ɗa yana ɗaukar rabi daga uwa, rabi daga uba, kuma ba a san wane rabin ba sai ya zo. Wannan gaurayar ce ta sa 'yan uwa ciki ɗaya ba sa kama da juna, ita ce kuma tushen labarin emasi da za mu zo kansa.

Daga tunkiya Dolly zuwa ɓeraye masu uba biyu

A dabbobi masu shayarwa, kwafi ba ya faruwa da kansa in ban da tagwaye masu kama ɗaya. Sai a watan Yulin 1996 masana a cibiyar Roslin da ke Scotland, ƙarƙashin Ian Wilmut, suka samar da tunkiya Dolly daga ƙwayar hantsar wata tunkiya. Sun gwada sau 277 kafin a samu ɗaya. Ta mutu a 2003 tana da shekara shida. A 2009 an kwafi raƙuma a Dubai aka sa mata suna Injaz, a 2018 kuma China ta sanar da kwafar birai biyu.

A 2023 wani masani ɗan Japan, Katsuhiko Hayashi, ya ba da sanarwar cewa ya mayar da ƙwayar fatar namijin ɓera ta zama ƙwai, aka haɗa da maniyyin wani namijin. Daga cikin 'yan tayi 630 da aka dasa, bakwai ne suka rayu. Wannan aikin ne ake yawan murɗawa a kafafen sada zumunta a ce an kusa daina buƙatar mata ko maza. Ko ɓerayen nan bakwai sai da mace ta ɗauki cikinsu.

Babu wani mutum da aka tabbatar an kwafa har yau. Mace kuma ba za ta iya haihuwa daga ƙwanta kaɗai ba kamar zanzaron gonar hatsi, domin a jikin ɗan Adam akwai ƙwayoyin gadon da ba sa aiki sai in daga uba suka fito, wasu kuma sai daga uwa.

Malamai ma ba su jira ba. A zamanta na Jidda a 1997, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta haramta kwafar ɗan Adam, ta kuma halatta amfani da fasahar a tsirrai da dabbobi bisa sharuɗɗa. Tun a 1986 majalisar ta halatta haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji matuƙar na miji da matarsa ne kuma a mahaifarta za a dasa. A 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da sanarwar da ke kira ga ƙasashe su hana kwafar mutum, ko da yake ba ta da ƙarfin doka.

Wanda ya tsallake layin shi ne He Jiankui na China. A watan Nuwamban 2018 ya sanar da haihuwar tagwaye mata da ya gyara wa ƙwayar gado tun suna 'yan tayi, gyaran da za su iya gadar wa nasu 'ya'yan. Kotu ta ɗaure shi shekara uku a ƙarshen 2019.

Harafi ɗaya cikin biliyan uku

Littafin gadon ɗan Adam, wato DNA, yana da haruffa kusan biliyan uku. Emasi sauyin harafi ɗaya ne a wurin da ke tsara sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Sakamakon haka ƙwayar da ya kamata ta zama zagayayya mai laushi sai ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Daga nan ne ciwon ƙashi da gaɓoɓi ke tasowa, da kumburin hannu da ƙafa ga jarirai, da ƙarancin jini, da shanyewar ɓarin jiki ga yaron da bai kai shekara goma ba.

Wanda ya gaji harafin daga iyaye biyu shi ne SS, shi ne mara lafiyar. Wanda ya gada daga ɗaya shi ne AS, kuma akasari lafiyarsa ƙalau. Hasali ma yana da kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, abin da likita Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka tun 1954. Shi ya sa ƙwayar ta yawaita a duk inda sauro ya yi ƙarfi: ta ceci kakanni da yawa, jikoki kuma suna biyan kuɗin. A yammacin Afirka akwai kuma nau'in C, don haka mai AC da mai AS ma suna iya haifar SC, wanda shi ma ciwo ne.

Idan miji da mata duk AS ne, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Mutane da yawa suna fahimtar wannan a karkace, su ɗauka in an haifi mara lafiya ɗaya to uku masu zuwa sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki sabon lissafi ne.

A nan ne yawan haihuwa ke shigowa. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar tana haifar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, ta jihar Maraɗi kuma sama da takwas. Binciken 2021 ya nuna adadin ƙasa ya sauko zuwa 6.2. A ɗauki ma'aurata AS da AS da za su haifi 'ya'ya takwas: damar a ce babu SS ko ɗaya a cikinsu kashi 10 ne kacal cikin ɗari. Ko shida suka haifa, ba ta kai kashi 18 ba. Ma'auratan Paris masu 'ya'ya biyu suna iya tsallakewa da sa'a, na Isawan ko Korgom da wuya.

A ƙara da auren zumunci, wanda har yanzu yake da daraja a ƙauyuka da birane. Ba shi ke haifar da cutar ba, amma idan kaka ɗaya ta gadar wa jikokinta biyu harafin, aurensu yana ƙara yiwuwar haɗuwarsa.

Yaro da yawa ba ya ma kaiwa a gano abin da ke damunsa. Masana sun ƙiyasta cewa a wuraren Afirka da babu gwaji da kulawa tun daga haihuwa, rabi ko fiye na masu SS ba sa kaiwa shekara biyar. A gida sai a ce zazzaɓi ne, ko shawara, ko a fara kallon uwar a matsayin mai wabi. Sau da yawa ita ake ɗora wa laifi, a yi mata kishiya ko a sake ta, alhali rabin abin daga mijin ya fito.

Abin da Casgevy ke yi, da abin da ba ya yi

Maganin ba ya goge harafin da ya sauya. Dabara ce ta zagaye. Jariri a ciki yana da wani nau'in sinadarin jini na daban da ba ya lanƙwashewa, wanda jiki ke kashewa 'yan watanni bayan haihuwa. Shi ya sa jaririn SS ke zama lafiya a watanninsa na farko. Likitoci suna ciro ƙwayoyin da ke samar da jini daga jikin mara lafiya, su lalata makunnin da ke kashe wancan sinadari, wanda ake kira BCL11A, sannan su mayar masa da su. Wata Ba'amurkiya, Victoria Gray, ita ce mai sikila ta farko da aka yi wa, a 2019. A gwajin da hukumar Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ba tare da ciwo mai tsanani ya taso musu ba.

Masanan da suka ƙirƙiro CRISPR, Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna, sun samu kyautar Nobel a 2020.

Sai dai akwai abu biyu da ba a cika faɗa ba, kuma dukansu kan haihuwa suke. Kafin a mayar da ƙwayoyin da aka gyara, sai an ba mutum magani mai ƙarfi irin na masu cutar daji, busulfan, domin a share tsohon ɓargonsa. Wannan magani yana iya hana shi haihuwa har abada, mace ko namiji. A ƙasashen da ake yin aikin, ana ba mutum shawarar ya ajiye ƙwansa ko maniyyinsa a daskare tukuna. A al'ummar da ake auna aure da goyo, wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne, ko da a ce kyauta ake yin aikin.

Na biyu, gyaran a jini ya tsaya. Ƙwai da maniyyin wanda aka yi wa suna nan da harafin S, kuma duk ɗan da ya haifa zai gaje shi.

Hanyar da ke taɓa zuriya kai tsaye ita ce a haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji, a duba 'yan tayin, a dasa wanda ba SS ba. Tun haihuwar Louise Brown a Ingila a 1978 ake haɗa ciki a waje, kuma a Abuja asibitin Nisa na Dokta Ibrahim Wada ya samu nasa jaririn na farko a 1998. A yau wasu asibitoci masu zaman kansu a Legas da Abuja suna yin wannan tantancewa, kan miliyoyin naira, ba tare da tabbacin cikin zai zauna ba. Dashen ɓargo daga ɗan uwa ma yana warkarwa, kuma asibitin koyarwa na jami'ar Benin a Najeriya ya fara yin sa a 2011, amma sai an samu wanda jininsa ya dace.

A ganina, nan ne makomar haihuwa za ta fara rabuwa gida biyu, tun kafin a zo maganar kwafar mutum: mai hali ya zaɓi ɗan tayi a ɗakin gwaji, talaka kuma ya jira ya ga abin da ciki zai kawo.

Gyararren abu ya riga ya iso bakin iyaka

Wanda ke ganin gyaran ƙwayar gado abu ne na Turai ya dubi wake. A 2019 Najeriya ta amince da nau'in Sampea 20-T da cibiyar binciken noma ta IAR a Zariya ta fitar, wanda aka saka wa ƙwayar gadon wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa domin ya kashe tsutsar da ke huda kwanson wake. A shekarar ce ita ma Nijar ta yi dokar da ke tsara shigo da irin waɗannan halittu. Tasawa da Mayahi yankin wake ne, kuma buhu ba ya buƙatar fasfo tsakanin kasuwanninsu da na Katsina da Dawanau.

Gwaji kafin a kai kuɗi

Abin da ke hannu yau shi ne gwajin jini. A watan Mayun 2024 gwamnan Kano Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na rukunin jinin sikila. Ga dubban 'yan Maraɗi da ke zaune a Kano ko suke nemo aure a can, dokar ta riga ta shafe su.

Amma doka kaɗai ba ta isa ba, kuma Saudiyya ta nuna hakan. Ta wajabta gwajin tun 2004, sai dai binciken da aka yi a shekarun farko ya gano kusan kashi 90 cikin ɗari na masoyan da aka gaya wa suna cikin haɗari sun ci gaba da aurensu. Dalilin ba boyayye ba ne: ana zuwa gwajin bayan an sa rana, an kai kaya, dangi sun ji. A ƙasar Hausa ma haka ne. Saurayin da ya yi shekara biyu yana aiki a Agadas ko Aljeriya ko Libiya yana turo kuɗin sadaki da na lefe, wa zai iya ce masa ya haƙura ana saura mako biyu? Yarinyar da aka fasa aurenta kuma, wane suna za ta ɗauka a gari?

Shi ya sa lokacin gwajin ya fi gwajin kansa muhimmanci. Wanda ya san rukuninsa tun yana makaranta ko tun kafin ya fara zance, tambaya ɗaya zai yi a farkon magana. Mai AS ba mara lafiya ba ne, kuma idan ya auri AA babu ɗansu da zai zo SS. Ko mai SS ɗin ma, idan ya auri AA, 'ya'yansu AS za su zo. Mai mata fiye da ɗaya kuwa lissafinsa da kowace daban ne. Ya kamata kuma a bambance wannan da gwajin da ke nuna A, B ko O, domin mutane da yawa suna riƙe da takardar wancan suna zaton sun gama.

Ga yaran da aka riga aka haifa, akwai abubuwan da ba su kai dala miliyan ba: gano cutar tun suna jarirai, penisilin na kullum, rigakafi, gidan sauro, da maganin hydroxyurea. Gwajin da aka yi a Angola da Kwango da Kenya da Uganda, wanda aka wallafa a 2019, ya nuna maganin yana rage ciwo da ƙarin jini da mutuwa ga yaran Afirka. A asibitin koyarwa na Aminu Kano ma an gwada shi wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. Nijar tana da tsarin kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta tun 2006, amma emasi ba ya ƙarewa a shekara biyar, kuma babbar cibiyar ƙasa ta masu cutar, CNRD, tana Yamai, fiye da kilomita 700 daga Tasawa.

A 2019 gidauniyar Gates da cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka sun yi alƙawarin zuba dala miliyan 100 kowannensu domin nemo hanyar gyara ƙwayar gado da allura a cikin jiki, ba tare da ciro ɓargo ba, wadda za a iya yi a Afirka. Idan aka cim ma hakan, wata rana yaro daga Serkin Hausa zai iya samun ta a asibitin Maraɗi. Ko a ranar, gyaran a jininsa zai tsaya, kuma idan ya tashi neman aure sai ya tambayi rukunin yarinyar.